Wasiƙa Daga Shanghai: Shin Ana Gadon Raunin Ƙashi?

Shanghai, ƙasar Sin

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Hajiya, mahaifiyarki? Tun da na karanta cewa ta zame a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye, hankalina yana wajenku. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Kun yi daidai da kuka wuce asibiti ba ku tsaya wurin mai ɗori ba, domin karayar ƙugu a shekarunta aiki take so da wuri, a samu ta tashi ta taka. Doguwar kwanciya ita ce abar tsoro.

Kin ce kakarku ma sai da ta rankwafa kafin rasuwarta, kina tambaya ko hanyar da ke jiran ki ke nan. Wannan tambayar taki ita ce karatun da ya kawo ni nan, don haka bari in ba ki amsa a tsanake.

E, akwai gado, kuma ba kaɗan ba. Binciken da aka yi kan tagwaye da iyalai ya nuna cewa rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na bambancin ƙarfin ƙashi tsakanin mutane daga iyaye yake zuwa. Macen da mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, haɗarinta ya kai ninki biyu na wadda tata ba ta karye ba. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma ki saurari sauran.

A ɗakin awon ƙarfin ƙashi da nake aiki, mace za ta kwanta a kan gado, hannun na'ura ya ratsa saman ƙugunta da ƙashin bayanta, cikin 'yan mintuna lamba ta fito. Kwanan baya wata ta kawo mahaifiyarta, 'yar siririyar tsohuwa mai fara'a, ta ce ba abin da ke damun ta sai dai wandunanta sun yi mata tsawo. Tsawonta ne ya ragu: ƙasusuwan bayanta sun lotse ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba. Haka ciwon zaizayar ƙashi yake, kamar azarar da gara ta cinye ta ciki, daga waje lafiya lau sai ranar da ta rufta. 'Yar tana ganin sakamakon ta ce a auna ta ita ma. Fuskarta ce ta faɗo mini a rai da na karanta saƙonki. Irin waɗannan matan ba su ƙirguwa a nan. Ƙididdigar da hukumar lafiya ta ƙasar ta fitar a 2018 ta nuna kashi 32.1 cikin 100 na matan da suka haura shekara 50 suna da ciwon, maza kuwa kashi 6 kacal, sannan a cikin matan da suka wuce 65 ya zarce rabi.

To wace ƙwayar gado ce ke jawo shi? A nan labarin ya fi jan hankalina. A 1994 masu bincike a Ostireliya suka ce sun kama babbar mai laifi, wato VDR, wadda ke tsara yadda jiki ke karɓar bitamin D. Duniya ta ɗauka. Da aka zo aka duba matan Sin, sai aka tarar nau'in da ake zargin da ƙyar ake samun sa a cikinsu, alhali ga zaizayar ƙashi nan birjik. A 1996 kuma a Sukotland aka gano wani sauyi a ƙwayar COL1A1, mai ƙera furotin ɗin da sinadarin kalsiyam ke zama a kansa, aka ga yana da alaƙa da karaya a matan Turawa. A Sinawa kusan babu shi sam. A Gambiya ma ba a cika samun sa ba.

Wannan ne ya sa Sinawa suka daina jiran amsa daga waje. A nan Shanghai aka tara ɗaruruwan iyalai, uwa da uba da 'ya, aka auna su aka ɗibi jininsu. A Jami'ar Hong Kong kuma, Farfesa Annie Kung da abokan aikinta suka zaɓi mata 800 daga kudancin ƙasar, masu mafi ƙarfin ƙashi da masu mafi rauni, suka kwatanta gadonsu kaf. A 2010 suka fito da ƙwayar JAG1, wadda ba a san tana da hannu a lamarin ba, kuma aka tabbatar da ita a Turawa. Duk da haka tasirinta ɗan ƙanƙane ne. Zuwa 2019 wani babban bincike a Birtaniya kan mutum fiye da 400,000 ya lissafa wurare 518 a cikin ƙwayoyin halitta masu taɓa ƙarfin ƙashi, kuma dukansu a haɗe kashi ɗaya cikin biyar kawai na bambancin suka iya bayyanawa. Ke nan babu wata ƙwaya ɗaya da Hajiya ta miƙa miki wadda ta yanke hukunci. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa, kuma rabinsu daga wajen Baba kika samo.

Akwai wani abin mamaki. A kan na'ura, lambar matan Sin takan fito ƙasa da ta Turawa, amma sun daɗe ba sa karyewa a ƙugu kamar su. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1994 da matan Turawa aka gina shi, na'urar kuma tana rage wa mai ƙaramin ƙashi maki. Da aka leƙa da hoto mai zurfi sai aka ga ƙashin Basiniya siriri ne amma bangonsa ya fi kauri, wuyan ƙashin cinyarta kuma gajere ne, bai cika ɓallewa ba. Wannan ma gado ne, na alheri, wanda lambar ba ta nunawa.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a kanki shi ne yadda rayuwa ke juya lamarin. A Hong Kong karayar ƙugu ta ninka tsakanin shekarun 1960 da na 1980, a Beijing ma ta yi tashin gwauron zabi daga 1990 zuwa farkon shekarun 2000. Gado ba ya canzawa cikin shekara ashirin. Abin da ya canza shi ne zama: aka bar gona da tafiyar ƙafa da keke, aka koma bene da mota da kujera. Ki kuma duba tsofaffin matan da aka ɗaure wa ƙafa suna yara don kada ƙafar ta girma, al'adar da aka haramta tun 1912 amma ta daɗe ba ta mutu ba. Wani bincike na 1997 a Beijing ya same su da ƙashin ƙugu mai rauni fiye da na tsararrakinsu, sun fi yawan faɗuwa, tashi daga kujera ma yana ba su wuya. Jini ɗaya, gari ɗaya, sai dai an hana ƙafar ɗaukar nauyi. Idan na tuna matan nan raina yakan ɓaci. Shi ya sa nake jin daɗin ganin tsofaffin unguwarmu da yamma sun cika filin shaƙatawa suna rawar motsa jiki, ko da yake da rana su ne da laima da safar hannu suna gudun rana, bitamin D kuma, wanda hasken rana ke sa jiki ya samar, ya yi musu ƙaranci.

Ga abin da nake roƙon ki. Ki faɗa wa likita tarihin Hajiya da na kaka, musamman idan al'ada ta fara ɗaukewa, domin a shekarun farko bayan nan ne ƙashi ke saurin zaizayewa, kuma akwai magungunan da ke tare shi. Idan da inda ake awon, ki je. Ki riƙa tafiya a ƙasa, ki sha hantsi. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam. Sinawa kuwa yawancinsu madara tana ɓata musu ciki. Su awara suka dogara da ita, tasu kuma sau da yawa da wani farin dutse mai kalsiyam ake daskarar da ita, ba da ruwan tsami irin tamu ba. Ki ja kunnen ƙannenki kan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, suna cin ƙashi ƙwarai. 'Yan matanki kuwa yanzu ne lokacinsu, domin ƙashi yana gama cika ne wajen shekara 30, don haka ki bar su su yi guje-guje da tsalle.

Kafin a sallamo Hajiya a gyara banɗakin: a sa ƙarfen dafawa a bango, a kawar da santsi, a bar fitila da dare. Wadda ta karye sau ɗaya ita ta fi kusa da ta biyu, don haka ki tambayi likitanta maganin ƙarfafa ƙashi tun kafin ku bar asibiti. Ki ɗauki hoton takardunta ki turo mini ta WhatsApp in nuna wa malamina.

Ki gaishe mini da ita da kyau, ki ce ina yi mata addu'a. A gaida maigidan da yara da duk mutanen gida.

Taki har kullum,
Aminiyarki