Shirinku kan ta'addancin nukiliya ya tsallake haɗarin da ke kusa da mu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi daga farko har ƙarshe, kuma na tashi da ɓacin rai. Baƙon da kuka gayyato ya cinye lokacinsa a kan Iran da Koriya ta Arewa da tarin makaman Amurka da Rasha, sannan da mai gabatarwa ya tambaye shi ko 'yan ta'adda za su iya kaiwa ga irin waɗannan abubuwa, sai ya amsa cikin dariya cewa wannan damuwar Turawa ce, mu nan ta abinci muke yi. An bar jaki ana dukan taiki, kuma bai kamata gidan rediyon da jama'a ke ɗaukar maganarsa da muhimmanci ya bar wannan amsa ta wuce ba tare da gyara ba.

Ni tsohon ma'aikacin asibiti ne, a sashen gashin masu cutar daji, inda ake gasa cutar da tururin nukiliya, na yi aiki har na yi ritaya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ɗan ƙaramin sinadarin da ke cikin na'urorin asibiti da na masu haƙar mai da na masu auna ƙarfe, wanda idan mugu ya same shi ya haɗa da nakiya, zai iya gurɓata kasuwa guda ko unguwa guda ba tare da ya mallaki wani ilimin ƙera bam ɗin nukiliya ba. Da idona na ga tsohuwar na'ura da aka daina amfani da ita an tura ta ɗakin ajiya an rufe da kwaɗo na kasuwa, maigadin da ke kwana a ƙofar kuma bai san abin da yake gadi ba. Na yi magana, na rubuta takarda, aka ce mini babu kuɗin kwashe ta a kasafin wannan shekara. A unguwarmu kuwa na sha nuna wa matasa 'yan gwangwan alamar nan mai fuka-fukai uku a kan launin ɗorawa, wadda ake mannawa a jikin duk abin da ke fitar da tururin nukiliya, amma ban sami wanda ya san ma'anarta ba, alhali su ne masu fasa duk ƙarfen da ya zo hannunsu da guduma.

Da baƙonku ya yi nazari, da ya ba masu sauraro labarin birnin Goiânia na ƙasar Brazil. A 1987 wasu mutum biyu suka ɗauko na'urar gashin cutar daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa, shi kuma ya ga garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi a cikin duhu, ya raba wa dangi da abokai. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka gwada jikin mutane fiye da 100,000, aka rushe gidaje. Duk wannan ya faru ne cikin rashin sani, babu mai niyyar cutar da kowa, to ina ga wanda ya nemi sinadarin da gangan?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda shirin ya nuna kamar ba mu da hannu a ƙoƙarin da duniya ke yi. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540 a 2004, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa, har da tamu, hana irin waɗannan kayayyaki faɗawa hannun ƙungiyoyi. Shugabannin Najeriya sun halarci tarukan tsaron nukiliya da aka fara a Washington a 2010 aka rufe a 2016. A nan Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, an sauya man na'urar bincike a 2018, aka mayar wa China yuraniyom ɗin da aka tace sosai, wanda irinsa ne ake tsoron a sace a ƙera makami da shi, kuma Ghana ta riga mu yin haka a 2017. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta taimaka a wannan aiki, amma ko sau ɗaya ba a ambace shi ba. Haka kuma ba a tuna harin da aka kai mahaƙar yuraniyom ta Arlit a Nijar a 2013 ba.

Sannan ina ƙorafi a kan layin wayarku, domin na yi ta kira don in faɗi wannan magana kai tsaye, amma kuka rufe layin da wuri kuka saka tallace-tallace. Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato jami'in hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa tare da shugaban 'yan gwangwan, a bayyana wa jama'a kamannin alamar nan da kuma wurin da za su kai rahoto idan sun gan ta.

Naku mai sauraro,
daga Zariya