Kafin a ce Giannis ya tafi, a gaya mana wa za a bayar

Zuwa ga Editan Shirin Wasanni,

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinku, kuma ina cikin 'yan tsirarun da ke raba dare wajen kallon gasar ƙwallon kwando ta NBA, wadda yawancin wasanninta sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare suke farawa a agogonmu. Na ji daɗi ƙwarai da kuka fara ware wa wannan wasa 'yan mintoci, domin a da ƙwallon ƙafa ce ke cinye shirin kaf. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da aka karanta a shirin makon jiya, wai Giannis Antetokounmpo na dab da barin Milwaukee ya koma Golden State, ya haɗu da Stephen Curry da Jimmy Butler da Draymond Green. An faɗi labarin, an yi ta murna, an ma fara raba kofi tun kafin a buga wasa. Amma har aka rufe shirin ban ji wanda ya tambayi wa Golden State za ta bayar ba.

Washegari da la'asar na je filin da nake koya wa yaran unguwarmu wasa, na tarar ba su da zance sai wannan. Yaran nan suna ɗaukar Giannis tamkar nasu, tun da iyayensa 'yan Najeriya ne, ko da yake a ƙasar Girka aka haife shi. Wani daga cikinsu har rantsuwa yake yi mini: "Wallahi koci, an gama magana, a rediyo na ji." Sai na tsinci guntun gawayi, na tsuguna, na rubuta musu albashin kakar 2025/2026 a kan simintin filin. Curry dala miliyan 59.6, Butler 54.1, Green 25.9, shi kuma Giannis 54.1. Na ce wanda ya iya lissafi ya haɗa. Aka samu miliyan 193.7, na mutum huɗu kacal, alhali iyakar albashin da gasar ta yanka wa kowace ƙungiya a kakar miliyan 154.6 ne, kuma dole ƙungiya ta riƙe 'yan wasa aƙalla 14. Yaron ya yi shiru yana kallon lambobin, can ya ce, "To ashe ba sayen sa za su yi ba?"

Tambayar yaron nan ita ce tushen matsalar, Malam Edita. Mun taso da ƙwallon ƙafar Turai, inda mai kuɗi ke zube kuɗi ya ɗauki wanda yake so, kamar yadda PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017. Da wannan idon muke kallon NBA, alhali can ba a sayen ɗan wasan da ke da kwantiragi. Musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda. Ɗan wasa yana tafiya ne da kwantiraginsa a ka, sabuwar ƙungiya ta ci gaba da biyan abin da tsohuwar ta sa wa hannu, ita ma kuma ta miƙa 'yan wasan da albashinsu ya yi kusa da nasa. Tsabar kuɗin da aka yarda ƙungiya ta ɗora a kan ciniki bai kai dala miliyan 10 ba a kaka guda. Ko da mai ƙungiya ya fi kowa arziki a Amurka, dukiyarsa ba za ta buɗe masa wannan ƙofa ba.

Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar masu ƙungiyoyi 30 da ƙungiyar 'yan wasa, inda suke raba kuɗin shiga kusan rabi da rabi. An fara aiki da iyakar albashi a kakar 1984/1985, lokacin tana dala miliyan 3.6. Iyakar ba katangar ƙarfe ba ce, domin an yarda ƙungiya ta haura ta idan za ta sabunta kwantiragin 'yan wasanta na gida. Sai dai duk wadda ta wuce miliyan 187.9 a kakar 2025/2026 za ta biya haraji a kan kowace dala, harajin kuma ƙaruwa yake yi gwargwadon nisan da aka yi, ya fi tsanani ga wadda ta mayar da abin al'ada. Manyan masu kuɗi sun saba biyan harajin su wuce abinsu, shi ya sa yarjejeniyar 2023 ta ƙara ɗaure su da shinge biyu. Na farko yana miliyan 195.9 a kakar 2025/2026, wanda ya haura shi ba zai karɓi albashin da ya fi wanda ya fitar ba, ko da dala ɗaya ce. Na biyu yana miliyan 207.8, kuma shi ne dodon shugabannin ƙungiyoyi. Wanda ya tsallake shi ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ko uku don ya karɓo babba ɗaya ba, ba zai ɗora kuɗi a ciniki ba, har tikitinsa na zagayen farko a zaɓen sabbin 'yan wasa (wato damar ɗaukar matashi a zaɓen da gasar ke yi duk shekara) na shekara ta bakwai mai zuwa ana kulle masa, ba zai iya musayar da shi ba.

Wanda yake ganin wannan zancen takarda ne kawai, ya tuna abin da ya faru da shi kansa Butler a watan Janairun 2025. Ya ɓata da Miami, har sau uku ƙungiyar tana dakatar da shi a wata ɗaya, kuma kowa ya san Phoenix yake so. Phoenix ma tana son sa. Makonni aka kwashe ana cewa yau ne, gobe ne. To amma Phoenix tana saman shinge na biyu, albashin Butler kuma miliyan 48.8 ne, saboda haka dole ta fitar da mutum ɗaya tilo wanda albashinsa ya kai haka. Uku kawai take da su: Kevin Durant da Devin Booker da Bradley Beal. Beal take son rabuwa da shi, shi kuwa kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin duk wata musaya, ikon da a lokacin shi da LeBron James ne kaɗai ke da shi a gasar. Nan maganar ta cije. Da ranar rufe kasuwa ta matso a farkon Fabrairu, Golden State ce ta ɗauki Butler, Andrew Wiggins ya tafi Miami. Duk wanda ya duba takardar albashin Phoenix tun ranar farko ya san hanyar ƙunci gare ta, amma masu yaɗa jita-jita ba su gaya wa mutane haka ba.

Ni magoyin bayan Boston ne, kuma wannan doka ta taɓa ni inda ke mini ciwo. Mun ci kofi na 18 a 2024. Shekara ɗaya bayan nan Jayson Tatum ya tsinke jijiyar agara a wasanmu da New York, lissafin albashi da haraji na kaka mai zuwa kuma ya doshi dala miliyan 500. Cikin 'yan kwanaki a watan Yunin 2025 aka tura Jrue Holiday Portland, aka tura Kristaps Porzingis Atlanta. Babu wanda ya ce mutanen nan sun daina iya wasa. Shinge na biyu ne ya kore su. Raina ya ɓaci, har yau ma ina ganin dokar ta yi wa ƙungiyar da ta gina kanta da haƙuri tsauri da yawa. Duk da haka ba zan musa amfaninta ba, domin daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗaga kofin, ciki har da na garuruwan da ba su kai Los Angeles ko New York kasuwa ba, irin su Milwaukee da Oklahoma City.

Wani abin lura kuma, cinikin da ya fi girgiza duniyar wasan bai zo da ko ƙishin-ƙishin ba. Ba zan manta safiyar Lahadi 2 ga Fabrairun 2025 ba. Na dawo daga sallar asuba cikin sanyin hunturu, na duba waya, sai ga labari wai Dallas ta ba Lakers Luka Doncic ta karɓi Anthony Davis. Na ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya kawo labarin kutse ne a shafinsa, kamar yadda jama'a da yawa suka zata. Ashe gaskiya ne. Da na duba albashinsu sai na ga kowannensu kusan dala miliyan 43 yake ɗauka, daidai ruwa daidai tsaki. Kuma da Doncic ya kai ƙarshen kakar a Dallas, da ya cancanci kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 345. Shugabannin ƙungiyoyin biyu sun yi maganarsu a ɓoye har suka ƙulla, yayin da shafukan intanet ke can suna ta tura wasu 'yan wasan garuruwan da lissafi bai taɓa yarda su je ba.

Ban ce raɗe-raɗin Giannis ba shi da tushe ba. Sau uku a jere ana fitar da Milwaukee a zagayen farko na wasannin neman kofi, daga 2023 zuwa 2025. Ta sallami Damian Lillard don ta samu sararin ɗaukar Myles Turner, ga shi za ta yi shekara biyar tana biyan kusan dala miliyan 22.5 duk shekara ga mutumin da ba ya sa rigarta. Gwarzo irin Giannis yana iya gajiya da wannan hali. Amma in Golden State ce, albashinsa da na Butler daidai suke, saboda haka ko dai Butler ya tafi, ko Green da wasu da dama su tafi tare. Hoton nan na mutum huɗu a riga ɗaya da aka zana mana a rediyo ba zai yiwu ba ke nan. Daga nan kuma sai a tambaya, me zai sa Milwaukee ta karɓi Butler da aka haifa a 1989 a madadin Giannis da aka haifa a 1994, sai fa in an cika mata da tikitocin zaɓen sabbin 'yan wasa? Su ma tikitocin doka ta hana ƙungiya ta rabar da na zagayen farko na shekaru biyu a jere. Wannan ita ce muhawarar da na so in ji a shirinku, kuma na tabbata ta fi daɗin sauraro.

A sani kuma, ba kowane labari ne ke fitowa don Allah ba. Wakilin ɗan wasa kan saki magana don ya matsa wa ƙungiya ta ƙara kuɗi, ƙungiya kan saki tata don ta ɗaga darajar wanda take son fitarwa, wasu shafukan kuma neman masu latsawa kawai suke yi. Idan gidan rediyo ya kwaso ya karanta yadda ya same shi, ya ara wa maganar mutuncinsa, yaro a unguwa kuma ya ɗauke ta da rantsuwa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ba wai ku daina kawo raɗe-raɗi ba ne, mu ma muna jin daɗinsa. Idan za a karanta irin wannan labari, a faɗi wanda ya fara kawo shi, a faɗi albashin ɗan wasan, a gaya mana inda ƙungiyar da ake cewa za ta ɗauke shi take tsaye game da shingayen nan biyu, da wanda za ta fitar. Alƙaluman a bayyane suke a intanet, minti biyar ya ishi mai shirya shiri ya duba su. In kuna da bukata, a shirye nake in riƙa aiko muku da lissafin duk mako kafin ranar shiri, kyauta. Yaran filinmu ma sun ce in gaya muku suna sauraro ranar Asabar.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraronku, kocin yara a Kano