Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jiharmu: A Kai wa Maniyyata Allura Wurin Bita

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ka labarin ranar da na raka mahaifiyata allurar rigakafin maniyyata. Ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma bana ne Allah Ya kira ta aikin Hajji. Muna idar da sallar asuba muka shiga mota, amma ko da muka isa babban birni, layi ya riga ya fito ta bakin ƙofa ya bi jikin katanga. Ƙananan hukumomi da dama aka tara rana guda, aka ajiye tebur biyu da ma'aikata huɗu. Rumfar da aka kafa ba ta ɗauki ko rubu'in jama'a ba. Tsofaffi suka shimfiɗa ɗankwali a ƙasa suka zauna cikin rana.

Sai bayan la'asar layi ya zo kanta. Aka yi mata ta sanƙarau, aka duba katinta na allurar cutar shawara, aka buga hatimi. Da na tambayi ta mura, sai ma'aikaciyar ta ce tun kafin azahar ta ƙare, mu dawo jibi. Ban ga laifinta ba, baiwar Allah, ko ruwa ban ga ta kurɓa ba tun safe. Amma su wa suka samu? Matasa masu ƙarfin turereniya, da waɗanda aka riƙa shigarwa ta ƙofar baya saboda sun san wani. Waɗanda aka fi yi wa tsoron cutar su ne suka koma gida hannu rabbana.

Na fahimci dalilin da ya sa ake ɗaukar allurar mura kamar ƙarin kwalliya. Saudiyya ta wajabta ta sanƙarau, kuma ta ce a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Mu 'yan Najeriya kuma sai da shaidar ta cutar shawara. Ta mura kuwa ba dole ba ce, Ma'aikatar Lafiyarsu na ba da shawarar a yi ta ne kawai, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon suga ko asma ko na zuciya. Abin da ba a tsare mutum a filin jirgi dominsa, shi ake sayowa kaɗan. To amma duk wanda ya taɓa zuwa taren alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi daga nahiyoyi daban-daban, kafaɗa da kafaɗa a ɗawafi, numfashi a kan numfashi a tantunan Mina. Murar da saurayi zai kwana uku ya warware, ita ke kai tsoho ga ciwon huhu, ya yi Arfa a cikin motar asibiti. Ga shi allurar na buƙatar kusan mako biyu kafin ta kama jiki, kuma ta bara ba ta yi wa bana aiki, domin ƙwayar cutar sauya kama take yi. Wanda aka yi ta ce masa "dawo jibi" har jirginsa ya matso, an cuce shi ko da daga baya an soka masa.

Mu a nan ba sai an yi mana wa'azin rigakafi ba. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga. Jama'a da ƙafarsu suke zuwa neman allurar, tsarin ne ke korarsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ranka ya daɗe, babu taron da aka san lissafinsa tun da wuri kamar na maniyyata. Suna, shekaru, ƙaramar hukuma, lambar waya, duk suna hannun hukumar alhazai watanni kafin tashi, tunda sai an biya miliyoyin naira ake samun kujera. Sannan kowane mako suna haɗuwa wurin bita a garuruwansu, malamai na koya musu ɗaura harami da jifa. Me zai hana ma'aikacin lafiya ya ɗauki kularsa ya same su a can? Firij na nan a asibitocin matakin farko, shi ne ake ajiye allurar yara. Ma'aikatan da ke bin gida-gida da ruga-ruga suna ɗiga maganin shan inna ba za su kasa kai allura harabar da ake bita ba.

Ina roƙo a ƙirga tsofaffi da masu jinya daga cikin jerin sunayen, a ware musu tasu ta mura tun kafin a buɗe wa kowa, a kuma sanar a rediyo ranar kowane gari da adadin da aka kawo, don kada tsohuwa ta ɓata kuɗin mota a banza. Ƙofar bayan nan kuma a sa mata kwaɗo.

Mahaifiyata ta kwana biyu ƙafa a kumbure, ta ce ita ta haƙura da ta murar, Allah Zai tsare. Da ƙyar na shawo kanta. Jibi in sha Allahu za mu sake fitowa bayan asuba, wannan karon da kujerar roba a bayan mota.

Wassalam,
Ɗan wata maniyyaciya