Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa: Ina Sunayen Yaran Da Kuka Kwashe A 2020?

Mai girma Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo. Kujerarka ta shugaban gwamnonin Arewa 19 nake yi wa magana, don abin da ke ci mini rai ya fi ƙarfin jiha ɗaya.

Ba sai na tuna maka watan Afrilun 2020 ba, kana kan mulkin Gombe a lokacin. Ana tsakiyar kullen korona ƙungiyar nan taku, tana hannun Simon Lalong na Filato, ta yanke shawarar kowace jiha ta mayar da almajiran da ba nata ba garuruwan iyayensu. Sai muka ga abin al'ajabi. Gwamnatocin da wasiƙa ke kwana wata da watanni a tsakaninsu ba amsa, cikin 'yan kwanaki suka samo motoci, suka samo mai, suka samo jami'an rakiya. Kano ta kwashi na Katsina da na Jigawa ta kai musu. Kaduna ta ce ta sallami sama da 30,000. Aka killace wasu a Kiru da Ƙaraye da Gabasawa, wasu a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau da ke Jigawa. Gwaji ya riƙa nuna akwai masu ɗauke da cutar a cikinsu, jihohi suka shiga nuna wa juna yatsa a kan wa ya kawo wa wa. Taraba ma ƙin karɓar waɗanda aka kai mata daga Nasarawa ta yi, aka juya da su, yara ƙanana, kamar kayan da mai saye ya fasa.

Duk da haka mun yi shiru, don kun yi alkawari. Kun ce za a sa su makaranta kusa da iyayensu, su haɗa allo da boko, bara ta ƙare. To, ranka ya daɗe, kulle na ɗagawa suka dawo, har da ƙannensu. Duk mai wucewa ta tashar mota ko bakin gidan abinci a Kano, Zariya, Bauchi ko Gombe ya san haka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne takardun. A lokacin kwashen nan an rubuta sunan yaro, da na mahaifinsa, da ƙaramar hukumarsa, saboda sai da hakan za a san motar da za a saka shi. Ashe dai ana iya rubutawa. Ina takardun suke yanzu? Wace jiha ce ta koma bayan wata shida ta tambayi maƙwabciyarta, yaran da muka miƙa muku, nawa ne ke aji? Kun nuna mana kun iya haɗa kai wajen sallamar yaro, amma wajen bin sawunsa kowa ya kama gabansa.

Bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa, ko da yake na san ka sani. Kaka na yi, an gama girbi, uba zai ɗauki ɗansa ɗan shekara shida ko bakwai ya damƙa wa malam. Malam ya haɗa su ashirin ko fiye, a hau mota a ƙetare jiha biyu. Dagacin garin da suka baro bai rubuta ba, mai unguwar da suka sauka a wurinsa bai rubuta ba. Ranar da yaron ya ɓata a wajen bara, ko mota ta buge shi, ko wani marar tsoron Allah ya lalata shi, ranar ake gane ba shi da kowa a hukumance. Na taɓa tsayawa a kan wani irinsu da aka tsinta da zazzaɓi a ƙofar masallacinmu, robar bararsa na rataye a wuya. Muka tambaye shi sunan garinsu, ya ce Tudun Wada. Wace Tudun Wadar, alhali kusan kowace jiha tana da tata? Sunan babansa fa? Ya ce Baba. Da muka kai maganar wani ofishi, jami'in bai wulaƙanta mu ba, gaskiya ya faɗa mana: ko da an gano jihar, shi ba shi da lambar kowa a can, kuma ba a ware masa kuɗin mota ba. Waɗanda suka gano iyayen a ƙarshe su ne 'yan kamasho na tasha, da wani direba da ya gane karin harshen yaron, da cigiyar da aka bayar a rediyo. Aikin da ya kamata ma'aikatun mata da ƙananan yara na jihohi biyu su gama da waya ɗaya ke nan.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. A ofisoshinmu kuwa tambayar farko ita ce, ɗan wace jiha ne?

Masu satar yara ba sa yin wannan tambayar. Ka tuna Oktoban 2019, da 'yan sanda suka dawo da yaran Kano tara da aka gano a jihar Anambra, an sauya musu suna, wasu har Hausar ta fara kuɓuce musu. A 2021 kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Madalla da hukunci. Amma ka duba yadda suke aikin: mai ɗauka yana nan, mai rakiya yana mota, mai saye yana can, kowa ya san lambar ɗan'uwansa. Ɓarayi sun tsara tafiyarsu daga jiha zuwa jiha, gwamnatoci kuwa kowace ikonta ya ƙare a allon "sai kun dawo" da ke bakin iyaka.

Za a ce mini ai an yi dokoki. An yi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, sai da jihohinmu da dama suka ja ƙafa kusan shekara 20, Kano ta sa hannu a tata a Mayun 2023, Bauchi a ƙarshen shekarar. An kuma kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Sai dai kowace doka a cikin jiharta take aiki, yaron kuma tafiya yake yi. Ita hukumar tana Abuja, dagatai da hakimai da makarantun firamare kuwa a hannunku suke. In ba ku buɗe mata ƙofa ba, za ta ƙare ne kamar makarantun tsangaya sama da 150 da Jonathan ya gina, waɗanda aka miƙa wa jihohi, da yawansu suka lalace muna kallo.

Ga kuma 'yan Maraɗi da Damagaram da ke shigowa ta Jibiya da Kwangwalam da Maigatari. Na san hulɗa da wata ƙasa hurumin tarayya ne, na kuma san Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, sarakunan Katsina da Maraɗi kuma ba su daina gaisawa ba. Wannan dai sai wani jiƙon.

A Oktoban 2024, da maganar rabon harajin VAT ta taso, zama ɗaya kuka yi a Kaduna da sarakuna kuka fito da murya ɗaya, ƙasar nan kaf ta ji. Ban ga laifinku ba, kuɗin jama'a ne. Roƙona, don Allah don Annabi, a ara wa yaran nan irin wannan zafin naman ko sau ɗaya.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. Duk malamin da zai fita da yara daga jiha, ya rubuta su a wurin dagaci, da lambar uba ko waliyyi, ya kuma nuna takardar a wurin mai unguwar da ya sauka. A zauna da alarammomi a tsara wannan tare da su, don yawancinsu ba maƙiyan yaran ba ne, kuma duk tsarin da aka yi a bayan idonsu ba zai kai damina ba. Kowace jiha ta fitar da jami'i ɗaya, da sunansa da lambar wayarsa a bainar jama'a, wanda in an tsinci yaron jiharsa a wani wuri shi za a kira, kuma a ba shi kuɗin mota. In an miƙa yaro, mai karɓa ya sa hannu, bayan wata uku ya aiko da bayanin inda yaron yake da ajin da yake.

Kafin duk wannan, a zamanku na gaba a Kaduna, ka umarci kowace jiha ta zo da takardar sunayen da ta karɓa a 2020, ta faɗi nawa daga cikinsu ke makaranta yau. In takardun sun ɓata, a fito a gaya mana sun ɓata.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare daga Kano