Takardar koke zuwa ga Majalisar Birnin Dablin: don Allah kar a rushe gidan Baba

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Dablin na ƙasar Ayalan, da kansilolinmu na shiyyar arewacin birni, da ma'aikatan sashen tsara gari da ke ofishin Wood Quay.

Ranku ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Mu ne Hausawa da masu jin Hausa mazauna wannan unguwa, a cikinmu akwai 'yan Kano da Zariya da Jos da Kafanchan, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan Zongon Kumasi, Musulmi da Kirista, direbobin tasi da nas-nas da masu kula da tsofaffi da ɗalibai da masu kai abinci a keke. Wannan ita ce takardar da muka karanta wa jama'armu kafin kowa ya sa hannu, ta Turancin tana haɗe da ita, a can ne sunan gidan da adireshi da lambar fayil suke.

Kukanmu a kan tsohuwar mashayar nan ta kwanar layinmu ne, ginin jan bulo mai hawa uku, wadda mai ita ya rasu bara. Mu dai Baba muke ce masa, ƙanana da manya, har ya saba yana amsawa. Bayan rasuwarsa magada sun sayar, kuma ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan, kowa da inda rayuwa ta kai shi. To yanzu kamfanin da ya saya ya manna takarda a bango cewa yana neman izinin rushe ginin gaba ɗaya ya tada otal a wurin. Mun ƙi wannan, kuma muna roƙonku ku ƙi.

Mun san abin da wasu za su ce, don ma an riga an faɗa mana a fuska, a cikin 'yan uwanmu ma ba a waje ba: ina ruwan Musulmi da gidan giya? Tambaya ce mai nauyi kuma ba mu raina masu yinta ba. Galibinmu ba ma sha, addininmu ya hana, kuma babu layi ɗaya a takardar nan da muke roƙon a ci gaba da sayar da giya. Lasisi ai a ƙasar nan abu ne da ake iya sayarwa daban a kai wani wuri, wannan tsakanin masu shi ne da kotu. Mu abin da ya dame mu ginin ne, da ɗakin da ke saman bene, da sunan mutumin da ya yi mana rana lokacin da ba mu da kowa a garin nan.

Waɗanda suka zo tun farkon shekarun 2000 su ne za su ba ku labari da kyau. A lokacin mai neman mafaka ba shi da izinin aiki, sai a 2018 aka buɗe wannan ƙofar, abin da ake ba babba a sati yuro 19.10 ne, ga sanyi ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa, ga ɗakin kwana da mutum ke rabawa da baƙin da bai taɓa gani ba. Mutum zai fito ya yi ta zagaya titin Moore yana kallon shagunan 'yan Afirka har ƙafa ta gaji, babu inda zai zauna ba tare da an tambaye shi me zai saya ba. Baba ne ya fara leƙowa ya ce wa samarinmu biyu da suka fake a bakin ƙofarsa su shigo su ji ɗumi, ya kawo musu shayi, da suka laluba aljihu ya ce su bari. Washegari suka dawo da na uku. Haka abin ya faro, babu wata ƙungiya babu wani tallafi, dattijo ne kawai da butar shayi.

Da ya lura yawancinmu ba ma sakewa a ƙasa inda ake sha, shi da kansa ya hau da mu sama ya nuna mana ɗakin taron, wanda yake da ƙofarsa daban ta lungu, ba sai ka bi ta wajen kanta ba. Ya ba dattijonmu makulli. Ya kafa doka da bakinsa cewa ranar da muke ciki kwalba ba za ta hau matakalar nan ba, kuma wallahi har ya bar duniya ba ta hau ba. A ɗakin nan muka yi sunan 'ya'yanmu da yawa, waɗanda yanzu wasunsu suna jami'a wasu suna buga ƙwallon Gaelic, wato ƙwallon gargajiya ta ƙasar nan, a kulob ɗin unguwa da lafazin Dablin a bakinsu kamar kakanninsu a nan aka haifa. A nan matanmu suke koya wa yara Hausa ranar Asabar. A nan ake buɗa-baki na haɗin gwiwa da azumi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ƙosai da kunu da dambun shinkafa, Baba ya hawo ya zauna a gefe da farantinsa yana hawayen yaji yana ƙari. 'Yan uwanmu Kirista a nan suke gwajin waƙoƙin Kirsimeti da Hausa. In aka yi mana rasuwa a nan ake zama a haɗa kuɗi, ko na kai gawa gida ko na binnewa a maƙabartar Musulmi da ke Newcastle, kuma sau nawa za mu ƙirga kuɗin mu ga ambulan da babu suna a kai, kowa ya san daga ina yake amma ba mai cewa komai saboda ba ya so.

A gida mai unguwa yana da zaure, inda baƙo ke sauka a yi sulhu a ji labarin gari. To wannan gidan shi ne zauren unguwar nan, kuma ba namu mu kaɗai ba, tun kafin mu zo haka yake ga 'yan ƙasa. Tsofaffin da matansu suka mutu 'ya'yansu suka tafi Ostareliya ko Kanada a nan suke ganin fuskar mutum. Daren Alhamis masu goge da sarewa da gangar hannu irin tasu suna zama a kusurwa su yi ta kiɗan gargajiya babu tikiti babu lasifika, yaro ya zauna kusa da tsoho ya koya da kunne. Ranar da ake wasa a babban filin ƙwallon Gaelic na Croke Park kuwa layin ba ya biyuwa, musamman shekarun nan daga 2015 zuwa 2020 da Dablin ta ɗauki kofin ƙasa sau shida a jere, yaranmu da shuɗiyar riga suna ihu tare da kowa. Akwai kuma ɗan ƙaramin ɗakin katako a gefen kanta mai ƙofa da 'yar taga, irin wanda mata suke zama a zamanin da, da tsohon madubi da kantar katakon kanta da hannaye suka goge har tana sheƙi. Irin waɗannan ba su da yawa yanzu, in aka fasa an fasa ke nan.

Akwai abu biyu da ba za mu iya tsallakewa ba. Na farko, wani yaronmu da zaman jiran takardu ya karya wa zuciya ya fara sha a ɓoye, ya zo ƙasa zai saya, Baba ya ƙi sayar masa, ya zaunar da shi ya kira dattawanmu a waya ya ce ku zo ku ɗauki ɗanku, yana buƙatarku. Mai sana'ar giya ne fa ya yi wannan. Yaron yau magidanci ne da 'ya'ya kuma hannunsa yana cikin wannan takarda. Na biyu daren 23 ga Nuwamba 2023, daren da aka yi tarzoma a tsakiyar birni aka ƙona bas-bas da jirgin ƙasan cikin gari na Luas a wajen titin O'Connell, motocin haya suka tsaya cak, duk mai baƙar fata yana tsoron taka titi. Baba a lokacin jiki ya riga ya fara ƙi, amma ya sauke ƙofar gaba ya buɗe ta lungu, ya sa aka yi ta kiran mutane a waya, masu kai abinci da kekunansu, 'yan matan da suka taso daga aiki a asibiti, har da 'yan Indiya da 'yan Barazil da ba mu taɓa gani ba, duk aka hau sama. Tsofaffin kwastomominsa 'yan ƙasa suka tsaya a bakin lungu har gari ya lafa, sannan direbobinmu suka rarraba mutane gida. Wanda ya kwana a ɗakin nan ranar ba zai iya wucewa ya ga katafila tana cinsa ya yi shiru ba.

Yakan ce tun yana yaro ya san sunan Kano, saboda a makaranta ana tara musu kwabbai don masu mishan da ke Najeriya. Sistocin St Louis na ƙasar nan tun 1948 suka isa Kano, kuma cikin matan da suka sa hannu a nan akwai waɗanda suka yi makarantarsu. Ranar jana'izarsa da motar gawa ta tsaya a ƙofar gidan kamar yadda al'adarku take, mun jeru gefe biyu na titi da manyan riguna da huluna, matanmu da mayafai, muka raka shi har maƙabartar Glasnevin. Allah ya ba iyalansa haƙuri.

Ranku ya daɗe, mun san matsalar gidaje, mu ne ma muke cikinta tsundum, haya tana cinye rabin albashi, kuma tun ƙarshen 2024 waɗanda ke kwana a masaukin gaggawa a ƙasar nan sun haura 15,000. Da gidajen zama za a yi a hawa na uku da filin baya da mu ne za mu fara tafi. Tun 2022 ma doka ta sauƙaƙa mai da tsohuwar mashaya da aka rufe ta zama gidajen zama har guda tara ba tare da neman izini ba. Amma otal aka ce, ɗakunan baƙi na kwana biyu, wanda ba zai ba ko iyali ɗaya na unguwar nan wurin kwana ba. Mashayu sama da 2,000 aka rufe a Ayalan tun 2005, korona ta zo ta rufe sauran tun 15 ga Maris 2020, irin na Baba da ba sa dafa abinci a Dablin sai Yulin 2021 suka sake karɓar mutane a ciki, duk ya jure bai sallami ma'aikaci ba bai sayar ba duk da masu zuwa da tayi.

Kuma ba sabon abu muke roƙo ba. A 2021 da aka so a ɗora otal mai hawa tara a kan mashayar kiɗan gargajiya ta Cobblestone da ke unguwar Smithfield, jama'a sun fito zanga-zanga har ƙofar ofishinku, aka shigar da ƙorafi kusan 700, kuma wannan majalisar ce ta ƙi ba da izini a watan Nuwamba. Mun yaba muku a kan wannan. Namu gidan bai yi suna irin na Cobblestone ba, 'yan yawon buɗe ido ba su san shi ba, amma aikin da yake yi wa unguwa iri ɗaya ne.

Mun fahimci cewa ba kansiloli ke yanke hukuncin izinin gini ba, ma'aikatan tsara gari ne, shi ya sa kowannenmu da ya samu hali ya biya yuro 20 ya shigar da nasa ƙorafin cikin sati biyar ɗin da doka ta bayar, muna roƙon a karanta su ɗaya bayan ɗaya a ƙi amincewa da rushewar. Amma shigar da gini cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare, wannan a hannunku yake ku zaɓaɓɓu, kuma dokar ba kyan gini kaɗai take dubawa ba, tana duba muhimmancinsa ga tarihi da al'ada da zamantakewar jama'a. Don Allah ɗaya daga cikinku ya gabatar da ƙudiri a taron shiyya a turo jami'an adana kayan tarihi su shiga su gani da idonsu, ciki da waje, kafin a wayi gari an kwashe kantar da madubin. A turo kuma a duba rufin, don tun da aka rufe gidan ruwa yake shiga ta gefen bututun hayaƙi kuma ba mu ga wanda ya zo gyara ba, muna tsoron a bar shi ya ruɓe sannan a ce ai ba ya gyaruwa. Duk abin da za a yi da ginin nan gaba, a sa sharaɗin ɗakin sama ya ci gaba da zama na jama'ar unguwa, mu da masu kiɗan Alhamis da ƙungiyar tsofaffi mun yarda za mu haɗa kuɗin haya da wuta daidai ƙarfinmu.

Batun tunawa da shi kuma, an faɗa mana ƙa'idarku ta allon tunawa sai mutum ya shekara 20 da rasuwa ko an cika shekara 100 da haihuwarsa, ba mu ce a karya ta saboda mu ba. A ba mu izinin dasa bishiya da ajiye benci a ɗan filin da ke tsallaken titi, kuɗin mun riga mun tara, iyalansa kuma sun amince.

A ƙasar nan duk mazaunin da ya kai shekara 18 yana da ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi ko ba ɗan ƙasa ba ne, da yawanmu mun fita a watan Yunin 2024 mun zaɓe ku, don haka a matsayin mutanenku muke magana. Muna roƙon ku ba wakilanmu lokaci a taron shiyya mai zuwa, za su zo tare da 'yar marigayin da biyu daga cikin makaɗan da kuma shugabar ƙungiyar tsofaffi, da hotunan cikin gidan da na rufin.

Mu ne naku,
Al'ummar Hausawa da masu jin Hausa na unguwar, tare da maƙwabtanmu da suka sa hannu a shafukan da ke biye.