Godiya ga Gonar Inabin da ta Buɗe wa Ƙanana Ƙofa

Zuwa ga maigidan gona da dukan ma'aikata,

Ina gaishe ku da aiki. Tun da na baro gonarku da ke gefen garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu a watan Fabrairu, lokacin da girbi ya kankama, nake ta son in rubuto wannan godiya a fili, inda kowa zai gani.

Na zo ɗanɗana giya ne da tunanin kwalabenku kawai za ku jera mana, kamar yadda aka saba. Sai na tarar kun ba da rabin zaurenku ga masu haɗa giya masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su da gonar kansu, ba su da rumbun ajiya, sai dai su sayi inabi a hannun manoma su ari ganga a wurinku. Abokan gasarku ne fa a kasuwa! Amma kuka ajiye musu tebur a bakin ƙofa, inda baƙo zai fara tsayawa.

A nan na haɗu da wata baiwar Allah da ganga uku kacal take cikawa a shekara. Da hannu take rubuta lamba a jikin kowace kwalba, yatsunta duk sun rine da ruwan inabi. Giyar farin inabi Chenin blanc ta zuba mini, inabin da tsofaffin manoma ke kira Steen, daga tsofaffin kuringun yankin Swartland da ba a yi musu ban-ruwa. Ta ce in juya kofin, in shinshina, kada in yi gaggawa. Ƙamshin zuma ya fara tashi, ɗan tsami mai daɗi ya biyo baya, ya daɗe a harshe. Ita ta fahimtar da ni cewa kuringa sai ta kai shekara 35 kafin a ba ta hatimin tsufa a ƙasar, kuma idan ta tsufa 'ya'yanta kan ragu, amma ɗanɗanonsu ya ƙara kauri. Shi ya sa manomi kan so ya tumɓuke ta, sai in ya samu mai sayen da zai biya shi da daraja. Irin waɗannan ƙanana su ne masu sayen.

Kusa da ita akwai wani saurayi da iyayensa suka ƙare rayuwa suna tsinkar inabi a gonakin wasu. Giyar Pinotage ya kawo, irin inabin da Farfesa Abraham Perold ya samar a 1925 ta hanyar haɗa Pinot noir da Cinsaut. Na sha ɗanɗana Pinotage mai bauri kamar ɗanyen goro, amma nasa da laushi. A ƙasar da aka fara matsar inabi tun 1659, aka kuma daɗe ana biyan leburori da giya maimakon kuɗi, ganin sunan ɗan leburori a jikin kwalba ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Ban manta da ma'aikaciyarku da ta lura abokin tafiyata ba ya shan giya ba. Ba ta tambaye shi dalili ba, ta kawo masa ruwan inabin da aka matse a safiyar, da sanyinsa, ta zagaya da shi gona kamar kowa.

Na sayi kwalba shida a wurin waɗannan biyun, na kuma karɓi adireshinsu don wasu abokaina masu gidajen abinci. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da damina mai albarka. Ku ajiye mini kujera baɗi.

Naku,
Baƙonku na ranar Asabar