Godiya ga garejin masu gyaran wutar mota na bakin tashar Gumel

Assalamu alaikum. Ina roƙon a isar mini da wannan godiya ga maigidan garejin nan da yaransa. Ban ambaci suna ba saboda na san halinsa, ba ya son a yi ta yayata shi.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu a nan karkarar Jigawa muka koma ga motocin nan masu haɗa fetur da batir, kuma kusan duk 'yan Kwatano ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idan kamfani ya gano wani lahani a motar da ya ƙera, yakan yi kiranye, ya aika wa mai ita takarda ya kai ta wurin dilansa a gyara kyauta. To takardar can Amurka, inda aka fara sayar da motar, take tsayawa. Wa zai biyo mu da ita har Sule Tankarkar?

Wannan gareji shi ya ɗauke mana nauyin. Kafin su taɓa ko sifana, sai yaron ya leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ya kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ya zuba ta a shafin hukumar kula da amincin motoci ta Amurka, wato NHTSA. Nan take wayar za ta nuna ko akwai kiranyen da ba a kai motar ba. Ba sa karɓar ko sisi a kan wannan.

Maigida ya zaunar da mu a kan benci ya ba mu misali. A watan Satumban 2018 Toyota ta kira motoci sama da miliyan 1, har da Prius, waɗanda aka ƙera tsakanin 2015 da 2018. Dalili kuwa ɗan ƙarami ne a ido: wani damin wayoyi yana goga murfinsa, jijjigar hanya da ƙura suna cinye rufin wayar a hankali, har wuta ta haɗu, mota tana iya kamawa. Wata guda bayan nan aka sake kiran wasu kimanin miliyan 2.4 saboda manhajar kwamfutarsu, don motar tana iya mutuwa ana tsakiyar gudu. Jijjiga da ƙura! Duk wanda ya taɓa bin burjin ƙauyukanmu lokacin hunturu ya san da mu ake.

Tawa dai ta fito babu kiranye a kanta. Amma da fitilar gargaɗin motar ta kama a gabana ranar wata Alhamis ina dawowa daga kasuwar Maigatari, wani ya ce mini batirin ne ya tashi aiki, in shirya kuɗi. Maigida ya ce, "Alhaji, bari mu gani tukuna." Ya sa ta a kwamfuta, sannan ya ɗaga kujerar baya ya ciro fankar da ke sanyaya babban batir. Wallahi ƙura da ƙaiƙayin riɗi sun dunƙule a jikinta kamar sheƙar tsuntsu. Ya wanke, ya mayar, ya karɓi kuɗin aikinsa kawai, ya ce in daina jingina buhu a kan ramin iskar da ke gefen kujerar. Ga batir a shagonsa, da ya so da ya sayar mini.

Na kuma ga yadda yake tsawata wa yara kan wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauko wutar babban batir. Wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200, ba irin ta ƙaramin batir mai 12 ba ce. Sai an cire makullin batir, an sa safar roba, an ɗan jira, kafin hannu ya shiga. Kuma abin da ya fi ƙarfinsa yakan faɗa ba kunya, ya tura mutum Kano.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. Roƙona ɗaya: a daure a koya wa yaranmu na Garki da Gagarawa wannan aiki, don jan mota zuwa Gumel ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Naku,
Wani ɗan kasuwar riɗi daga ƙasar Gumel